Direbobin da Suka Bar Motocinsu a Gida

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa zan hau keke daga Passau ta ƙasar Jamus zuwa Viyana ta Ostiriya, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, kuɗin motar ne babu? Faɗa mini gaskiya in sa a sayar da tunkiya." Na ce a'a, Inna, ni ne ma zan biya kuɗi a ba ni hayar keken. Ta tambayi nisan wurin, na ce kilomita 320 ne da 'yan kai. Ta ce, "To, Allah ya shirya," ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Ban ga laifinta ba. A inda na tashi, in magidanci mai albashi ya ce zai yi kwana shida a kan keke don nishaɗi, rubutu da tofi za a fara nema masa. Amma hanyar ce ta ja ni. Gaɓar kogin Danub take bi, an shimfiɗe ta da kwalta, kuma mafi yawanta ba a yarda mota ta taka ba. Asalinta turbar dawakai ce: kafin zuwan jirage masu inji, dawakai ne ke jan jiragen kaya da igiya su haura kogin, to inda kofatonsu ya daddale nan aka gyara wa masu keke. Ruwan gabas yake gangarawa, iska kuma yawanci daga yamma take busowa, saboda haka wanda ya tashi daga Passau gangare yake bi, iska na tura shi ta ƙeya. Dama da hagu tuddai ne masu daji, da gonaki, da ƙauyuka kowanne da hasumiyar cocinsa. Na ce wa kaina shi ke nan, ba hon, ba hayaƙi, ba mai leƙowa ta taga ya zage ni.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne motocin aka hana shiga, direbobin ba wanda ya hana su. Duk wanda ka sani a titi yana nan. Motar kawai ya ajiye a gida, halin kuwa ya ɗauro shi a kariya.

Na farkon da na ci karo da shi Tirela ne. Tun a Passau na gan shi, gindin bangon majalisar gari inda suke zana layin kowace ambaliya da shekararta. Ta 2013 sai ka ɗaga kai sosai kafin ka gano ta. Ba a ganin kekensa don kaya: jaka biyu a gaba, biyu a baya, tanti da bargo a sama, tukunya na reto a gefe, safa a shanye kan wayar birki, ga 'yar tuta a tsaye kamar motar gwamna. Viyana a wurin Tirela gidan mai ce kawai. Shi hanyar EuroVelo 6 yake bi, wadda ta taso daga bakin tekun Atlantika a Faransa ta ƙare a Bahar Aswad a Romaniya, kuma ba sai ka tambaye shi ba. Da ka ce masa sannu zai tambaye ka ina za ka, don dai ka mayar masa da tambayar. Ka ce Viyana, ya gyaɗa kai cikin tausayi, irin kallon da falke ke yi wa yarinya mai tallar goro a ƙofar gida. A bakin kogin akwai alluna masu lamba da ke ƙirga nisan da ya rage zuwa teku, a Passau lambar ta haura 2,200. Kowa wucewa yake yi. Shi sai ya tsaya ya karanta kamar wasiƙa aka aiko masa.

Allah ya nuna mini ƙarshen fankamarsa a madatsar ruwa ta Jochenstein, kan iyakar ƙasashen biyu, inda mai son tsallakawa ɗaya gaɓar sai ya hau matakala da kekensa. Sawu huɗu ya yi. A na uku tukunyar ta kuɓuce, ta sauko tana kiɗa mataki bayan mataki, muna tsaye muna sauraro har ta kai ƙasa.

Walƙiya kuwa iskarsa kake ji kafin ka gan shi, in ma ka gan shi. Kayan jikinsa sun ɗame shi kamar alalar leda, ya aske gashin ƙwauri, takalminsa a maƙale da feda, in ya sauka sai ƙwas-ƙwas kamar akuya a kan siminti. Kekensa da yatsa biyu za ka ɗaga shi, kuɗinsa kuwa sun sayi fili. Ba shi da ƙararrawa, wai nauyi ce. A madadinta sai tsaki, ko wata gajeriyar tsawa da Jamusanci a daidai kunnenka. Idonsa na kan 'yar kwamfutar da ya ɗaure a kan keken. A Schlögen kogin ya ci karo da dutsen da ya fi ƙarfinsa, ya juyo baya gaba ɗaya, ya sake lanƙwasa kamar macijin da aka taka wa wutsiya, har mutane kan jingine keke su hau tudu tafiyar rabin awa don su ga abin daga sama. Abin da Walƙiya ya gani a wurin shi ne matsakaicin gudunsa ya ragu. Domin a nan hanyar gaɓar arewa ke yankewa, dole kowa ya jira ɗan jirgin fito. Nan kaɗai na taɓa ganin fuskarsa: yana layi bayan wata tsohuwa mai kwandon furanni da ya wuce da tsaki minti ashirin da suka shige, yana ta duba agogo, mai fito kuwa hira yake yi da karensa.

Amma masu sarautar hanyar a yau 'yan batir ne. Mata da miji, shekara saba'in-saba'in, riga iri ɗaya, hular kwano iri ɗaya, zaune ɗoɗar a sirdi kamar masu kallon labarai a falo. Kana kan tudu kana nishi, harshe a waje, sai ka ji wani siririn zuuu a bayanka. Su wuce ka ƙafa na juyawa a hankali kamar mai dama kunu, matar ta waigo da murmushi ta yi maka gaisuwarsu ta Grüß Gott. Wallahi gaisuwar nan ta fi tudun ciwo. Dokar Turai ta ce injin ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, shi ya sa duk gudunsu ɗaya, ba mai wuce wani, kamar jerin gwanon kai amarya. Abu guda ne ba za su taɓa amsawa ba, cewa injin ne ke aikin. Kowane ɗan batir ka zauna da shi zai rantse maka a mataki mafi ƙanƙanta ya bar shi, shi ma don gwiwa ce kawai, likita ne ya matsa.

Bari yamma ta yi ka sha kallo. Da an isa masauki, kafin ɗaki, kafin abinci, soket suke tambaya. Na ga dattawa biyu masu furfura suna zagaya soket ɗaya a rumfar ajiye kekuna, kowa da cajarsa a hannu, suna yi wa juna wani ladabi mai ban tsoro. Idon nan na san shi. Mu da muka girma da ɗauke wuta mun san kallon mutumin da wayarsa ta rage kashi uku. In kuwa batirin ya mutu a tsakiyar hanya, keken nan mai nauyin kusan kilo 25 sai ya koma jakin da ya ƙi tafiya, a ga maigida na turawa, uwargida na gaba da nata zuuu ɗin, ba ta ko waigowa.

Akwai kuma Ɗan Sanda, wanda ba a ɗauka aiki ba amma kullum yana bakin aiki. Rigarsa ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, da ɗan madubi a maƙale a hula don kada laifin da ake yi a bayansa ya wuce shi. Ka ɗan kauce daga hannun dama, ya daka maka tsawa. Ka tsaya ɗaukar hoto tayarka ta leƙo taƙi ɗaya, ya taka birki ya sauko ya yi maka bayani dalla-dalla. Ya dubi kanka ya ga ba hula, ya girgiza nasa, alhali dokar Ostiriya yara ta wajabta wa hular. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba yadda za a sallame shi. Na goro ba ya gabansa. Tuba yake so, kuma sai ya ga alamarta a fuskarka.

Allah da ikonsa, ya yi masa abokin gaba daidai shi: Garke. Su ne waɗanda kamfanin yawon buɗe ido ke kwashe wa jakunkuna a mota daga otal zuwa otal, su kuma a ba su kekuna iri ɗaya masu lamba a jiki. Mutum talatin, uku-uku a jere, hira ta yi daɗi. In na gaba ya tsaya, kowa ya tsaya a inda yake, kamar tumaki a bakin rijiya. Kowane garke kuma da gurguwar tunkiyarsa, wani bawan Allah da ya tsaya fitsari tun safe, yake ta bin sawu yana tambayar ko an ga masu jar hula. Kusa da Linz na ga Ɗan Sandan ya iske garke ya rufe hanya ruf. Ya buɗe baki, ya ƙirga su da ido, ya rufe. Ya sauka ya tura kekensa ta cikin ciyawa, yana yi wa kansa wa'azin a hankali.

Wuri ɗaya ne na ga duk waɗannan sun zama iri ɗaya. Bayan Linz, a kan tudun Mauthausen, akwai sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane daga 1938 zuwa 1945, inda aƙalla mutum 90,000 suka mutu a can da rassansa. Hawan na da tsauri. Waɗanda suka hau suka sauko, har aka yi nisa ban ji mai tsaki ba, ban ji mai ƙararrawa ba.

Keke mai sirdi biyu, wannan ban san wanda ya fara sayar wa ma'aurata shi ba, amma ba mai son zaman aure ba ne. Na gaba ke da kan keke, da birki, da giya. Na baya aikinsa feda da kallon ƙeya. Kuma sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedojin, saboda haka ko na baya bai sa ƙarfi ba ƙafarsa juyawa za ta yi, ba mai iya kama shi. Na bi wasu 'yan Holan na kusan awa guda. Ban ji yarensu ba, amma faɗan miji da mata ba ya bukatar tafinta.

"Wai kina takawa kuwa?"

"Haba maigida, wa kake tsammani ke tura ka tun daga Linz?"

Tana faɗa tana feraye tuffa da 'yar wuƙa. Shi ba ya iya waigowa, ita kuwa hannunta biyu da bakinta duk a sake suke, ga kunnensa nan kusa. Kashegari a Grein, inda a da ruwa ke juyi yana haɗiye jirage, na ga mutumin shi kaɗai a kan doguwar dabbar tasa, jakar hannunta a ɗaure a sirdin baya. Ita tana saman jirgin ruwan fasinja da kofin shayi, tana ɗaga masa hannu. A fuskar su biyun ban ga wanda ke baƙin ciki ba.

Daga Melk zuwa Krems, kwarin Wachau ke nan, kilomita talatin da 'yan kai na gonakin inabi da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tuddai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Nan ne farautar Malam Tarihi. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya ɗalibai suka huta, sai ya fito neman wasu. Taswira a cikin leda a kan keke, littafi a aljihu, tabarau na reto a wuya. Kuskurenka ɗaya ne, ka tsaya kusa da allon bayani. Ni a gindin gidan ibadar Melk ya kama ni, ƙaton ginin nan ruwan ƙwai da ke zaune a kan dutse. Kafin in sha ruwa na san tun 1089 'yan zuhudun Benedikt ke wurin, na kuma san abin da ke ɗakin karatunsu shiryayye bayan shiryayye. Na ce zan wuce. Ya ce ai hanyarmu ɗaya.

A Willendorf ya sa na jingine keke muka hau tudu don in ga inda aka tono wata 'yar mutum-mutumin mace ta dutse a 1908, tsawonta santimita 11, shekarunta sun doshi dubu talatin. Muka isa ina haki. Na ce ina take? Ya ce ai ta ainihin tana gidan tarihi a Viyana, wannan kwaikwayo ne. Wato ramin muka zo gaisarwa.

A Dürnstein kuwa ni na jawo wa kaina. Ya nuna mini kangon gidan sarauta a ƙololuwar dutse, ya ce a nan mai mulkin Ostiriya, Leopold na Biyar, ya tsare sarkin Ingila, Richard Mai Zuciyar Zaki, a ƙarshen 1192, yana hanyar komawa gida daga yaƙi, sai da aka tara azurfa mai ɗimbin yawa kafin ya ga Ingila. Shaiɗan ya zuga ni na ce ai na san da wa ya yi yaƙin, Salahuddin al-Ayyubi ne, mu ma an ba mu labarin, ta ɗaya ɓangaren. Idon mutumin ya kawo ruwa don murna. Ya zaro biro. Awa ɗaya da rabi muka yi a gindin dutsen nan, kuma har yau yana aiko mini da tambayoyi.

Wanda ya cece ni shi ne Ɗan Ci. Bahaushen da ya kira abin canza gudun keke giya, ya kuma kira barasa giya, kamar da wannan mutumin a ransa: a kowane ƙauye sai ya canza giya, hannunsa bai taɓa kan keke ba. Mutanen wurin ma suna da wata giya da ake sirkawa da lemo mai suna Radler, ma'anarta mai keke, ya ce tunda sunansa ne a jiki rashin kunya ne ya wuce ta. Taswirarsa ta ciki ce. Bai san shekarar da aka gina komai ba, amma ya san gidan da ya fi iya kek ɗin Linz, ya san teburin bakin hanya da ake ajiye kwalaben jam da akwatin kuɗi ba mai tsaro. Wachau ƙasar wani ɗan itace ce mai kama da ƙaramin mangwaro da suke kira Marille. Suna matse shi, suna dafa shi, suna cusa shi cikin curin ƙullu kamar fura a barbaɗe da sukari. Ni da ruwansa, shi da tasa giyar, muka yi zaman da ya fi kowane zama daɗi a tafiyar. Kilomita 15 yake yi a rana, ƙiba kuma yake ƙarawa. Abin da ya fi burge shi a duk kogin shi ne jirgin fiton Spitz, wanda ba shi da inji: an ɗaure shi da waya, a karkata shi kaɗan, ruwa da kansa ya tura shi zuwa ɗaya gaɓar. Sau uku ya tsallaka ba don yana da abin yi a can ba. In ka tambaye ni, duk hanyar shi kaɗai ya gane abin da aka gina ta dominsa.

Tayata ta yi faci gab da Tulln, ranar Lahadi, ranar da shagunan Ostiriya ke kulle kamar an yi rasuwa. A gida da tuni na hango mai faci a gindin darbejiya da kwanon ruwansa. Nan kuwa sai agwagi. Ban yi minti biyar ba sai ga Injiniya, yana taka birki fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Kwana huɗu yana ɗauke da sifana da famfo da tiyub iri uku, ba wanda ya lalace. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera kayan aiki kamar wanzami. Facin minti goma ya ɗauka. Sauran minti arba'in ɗin ya gyara birkin da lafiyarsa ƙalau, ya ɗaga sirdi, ya shinshina sarƙa ya tambaye ni yaushe rabonta da mai, da muryar mai tambayar yaushe rabon maraya da abinci. Da zai tafi ya miƙo mini 'yar kwalbar da ta huda tayar, a naɗe a takarda.

Saura mutum ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Shi ne Ai-Na-Iya. Wanda ya gaya wa mai ba da hayar keke cewa tun yana ɗan shekara bakwai yake tuƙa Raleigh ɗin babansa ta ƙarƙashin sanda, da buhun masara a baya. Aka nuna masa gajeren wandon nan mai katifa a mazaunai, ya yi dariya ya ce shi ɗa ne mai kunya. Ya fito da wandon yadi, sarƙa ta cinye ƙafar wandon tun kafin a bar Jamus. Rana ta farko ya wuce 'yan batir biyu don ya nuna musu. Rana ta uku ya gano cewa sirdi ma yana da haƙora. Daga nan ya koma tuƙi a tsaye yana yi kamar kallon tuddai yake, zaman tahiya kuma ya zama abin da ake shiryawa tun daga raka'ar farko. Na tabbata a wani gida a Holan ko Jamus akwai mai ba da labarin wani dogon baƙin mutum da ke tafiya kamar ɗan kaciya, yana ce wa kowa lafiya lau.

Haka na shiga Viyana ta tsibirin Danub, dogon tsibirin nan mai kilomita 21 da aka gina don tare ambaliya, shi ma ba mota. Da na hango hasumiyar masallacin da aka buɗe a 1979 a ɗaya gefen ruwan, na sauka na kira Inna.

"Ka isa?"

"Na isa, Inna."

"To yanzu da me za ka koma?"

Na ce jirgin ƙasa, bai kai awa uku ba.

"Au, ashe akwai jirgin?"

A tashar duk na same su. Tirela dai ya wuce gabas, amma Walƙiya da Ɗan Sanda na can suna jayayya a kan ƙugiyar rataye keke, 'yan batir sun riga kowa gano soket, Ɗan Ci na cin wani abu a takarda. Na biya kuɗin kujera ta bakin taga, mai laushi ƙwarai da gani. A tsaye na yi tafiyar har Passau.